Wa Ke Riƙe da Hatimi? Tsokaci a kan Sunan Anna da Ƴan Bori a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Gabatarwa

Hausawa na cewa suna linzami. Wanda ya raɗa wa abu suna, jama'a kuma suka karɓi sunan, to ya samu damar juya abin gabas ko yamma yadda ya ga dama. Wannan magana ce ya kamata malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin al'adu na gundumomin Tasawa da Mayahi su riƙa tunawa a duk lokacin da aka ɗora musu nauyin bayyana wa yara, ko baƙi, ko wata hukuma, su wane ne Anna, su wane ne ƴan bori, kuma yaya “bori na ainihi” yake. A baki tambayoyin suna da sauƙi. A aikace kuwa, amsar da malami ya rubuta a allo tana iya sa yaro ya ji kunyar kakarsa, amsar da ƙungiya ta cika a takarda kuma tana iya mayar da al'adar wani ƙauye ta zama “kuskure” don kawai ba ta yi daidai da ta littafi ba.

Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, babu wani daidaitaccen bori guda ɗaya da za a auna sauran da shi. Jerin iskoki da tsare-tsaren da ke cikin littattafai hoton wuri ɗaya ne a zamani ɗaya, kuma duk wanda ya mayar da wannan hoto ma'auni ya ɗauki wani iko da babu wanda ya ba shi. Hukuncin addini a kan bori na malaman addini ne, kuma sun daɗe da faɗin nasu. Namu a nan shi ne aikin mai nazari da mai koyarwa: a kira abu da sunan da ya dace, a siffanta shi yadda yake.

Darasi daga nesa

Kafin mu shiga gida, bari mu leƙa wata ƙungiya da ta yi iyakar abin da ɗan Adam zai iya domin ta daidaita aikinta, mu ga inda ta ƙare. A shekarar 1950 wani marubucin ƙagaggun labarai ɗan Amurka, L. Ron Hubbard, ya fitar da littafi mai suna Dianetics, inda ya yi da'awar gano hanyar wanke zuciya daga tabon abubuwan da suka shuɗe. A 1954 aka buɗe cocin Sayantoloji a birnin Los Angeles. Ginshiƙin aikinsu wani zama ne na tambaya da amsa tsakanin jagora da mabiyi, mabiyin yana riƙe da gwangwani biyu da aka haɗa da wata ƴar na'ura mai allura, ana hawa mataki bayan mataki, kowane mataki da kuɗinsa. A 1965 Hubbard ya rubuta wa mabiyansa takardar umarni cewa hanyar ta riga ta kammala, abin da ya rage shi ne a yi aiki da ita daidai wa daida, ba ƙari ba ragi. Wanda ya sauya wani abu a cikinta suna kiransa da sunan da ke nufin kurege. A 1982 aka kafa wata cibiya, Religious Technology Center, wadda ke riƙe da tamburan ƙungiyar a gaban doka, ita ce kuma ke da ikon cewa wane yana aiki daidai, wane ya kauce. Hubbard ya mutu a 1986, David Miscavige kuma ya hau shugabancin cibiyar a 1987.

Ga mai kafawa guda ɗaya, ga littattafai, ga muryarsa a faifai, ga lauyoyi, ga hatimi. Duk da haka gardama ba ta mutu ba. Tun farkon shekarun 1980 wasu manyan mabiya suka fice suka ci gaba da yin aikin a waje, suna cewa su ne ke kan hanyar Hubbard ta asali, cocin ne ya kauce. A 2007 cocin ya sake buga littattafan tushe, yana cewa bugun baya na ɗauke da kurakuran masu kwafa da masu gyara. Waɗanda suka fice suka ce wannan ai shi ne sauyin da aka hana. Kowane ɓangare yana rantsuwa da daidaito, kowane kuma yana kiran ɗan'uwansa kurege.

Hukumomi ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Babbar kotun Ostareliya ta karɓi Sayantoloji a matsayin addini a 1983. Hukumar haraji ta Amurka ta yafe wa cocin haraji a 1993. Rahoton majalisar dokokin Faransa na 1995 ya sa shi cikin jerin ƙungiyoyin da ake kira sectes, Jamus ta sa jami'an tsaron cikin gida su sa masa ido a 1997, wata kotu a Paris ta kama rassansa da laifin zamba cikin haɗin baki a 2009, kotun ƙoli ta Faransa kuma ta tabbatar da hukuncin a 2013. A wannan shekara ta 2013 ɗin ce kotun ƙoli ta Birtaniya ta ce ɗakin taronsu wurin ibada ne, ana iya ɗaura aure a cikinsa. Game da yawansu, cocin ya sha faɗin miliyoyi, amma da aka tambayi mutane da bakinsu a ƙidayar Ingila da Wales ta 2011, mutum 2.418 ne suka rubuta cewa su ƴan Sayantoloji ne.

Babu wata dangantaka tsakanin aƙidar waɗannan mutane da bori ko gadon Anna. Tambaya ce kawai ta haɗa su: idan aka ce wane ɗan kaza ne, bakin wa za a ji? Bakin ƙungiya, ko bakin hukuma, ko bakin mutumin da kansa? Idan ƙungiya mai hatimi da lauyoyi ta kasa rufe wannan gardama, yaya za a yi tsammanin rufe ta a kan al'adar da ba ta da mai kafawa, ba ta da littafi, ba ta kuma taɓa da'awar cewa iri ɗaya take a ko'ina ba?

Tsohuwar gardama ce a ƙasar nan

Mutanen Tasawa da Mayahi ba baƙin wannan tambaya ba ne, domin a kanta aka zana tarihin yankinsu. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya kasa mutanen ƙasar Hausa gida uku: Musulmi tsantsa, da masu gauraya Musulunci da ayyukan da ya ɗauka na kafirci ne, da waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba. Gidan tsakiya shi ne wurin rikici. Bayan jihadin 1804 ya kai ga Barno, Shehu Muhammadu al-Kanemi ya rubuta wa shugabannin jihadi yana musun hujjarsu, yana cewa saɓo da miyagun al'adu ba su fitar da mai salla daga Musulunci, kuma ana samun irinsu a manyan ƙasashen Musulmi. Muhammadu Bello ya mayar da martani, ya kuma adana wasiƙun a cikin Infaƙul Maisuri na 1812. Manyan malamai ne biyu, dukansu masu ilimi, sun dubi mutane iri ɗaya, kowa ya ba su suna dabam.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Katsina ta faɗi wajen 1807, gidan sarautarta na Haɓe ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819 da goyon bayan Annan kwarin, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Tasawa, ƙasar Tazarawa, tana ƙarƙashin Katsinawan Maraɗi lokacin da Heinrich Barth ya sauka a cikinta a watan Janairu na 1851, a kan hanyarsa ta zuwa Gazawa da Katsina da Kano. Sarakunan waɗannan ƙasashe Musulmi ne, suna da limamai da alƙalai, amma a idon Sakkwato abokan gaba ne da ya halatta a yaƙa. A fadarsu kuma akwai sarautar mace ta gidan sarauta, Iya a Maraɗi, Inna a Tsibiri, wadda ke shugabantar ƴan bori. Liman da Iya a fada ɗaya: wannan shi ne abin da kowane mai son layi miƙaƙƙe ke tuntuɓe da shi.

Da Faransawa suka zo, bayan ɓarnar Voulet da Chanoine wadda ta ƙare da mutuwarsu a yankin Maijirgi a 1899, sai aka samu mai raɗa suna na uku. Tasawa ta zama mazaunin kumandan har zuwa 1927 da aka mayar da shi Maraɗi, kuma takardun mulkin mallaka suka riƙa kasa jama'a gida biyu, musulmans da animistes ko fétichistes. Wannan rabo na gida biyu ya fi na Shehu kaushi, domin ya share gidan tsakiya gaba ɗaya. Shi ne kuma muka gada a littattafan makaranta.

Suna huɗu, abu nawa?

A kwarin Maraɗi ana cewa Anne, jam'i Anna. A Adar da Arewa ana cewa Azne, Azna. A Kano ana cewa arne, arna, kuma a can kalmar ta daɗe da zama zagi. A karkarar Kano da Katsina akwai Bamaguje, Maguzawa, sunan da manazarta ke dangantawa da kalmar Larabci majus, wato mutanen da aka bari a kan addininsu suna biyan jiziya. Mai fassara da ya zuba waɗannan duka a cikin kalma ɗaya ta Faransanci, ko ya mayar da Anna arna don ya bi daidaitacciyar Hausa, ya sauya ma'ana ba tare da ya sani ba.

Babban alherin da Guy Nicolas ya yi wa nazarin wannan yanki, a littafinsa na 1975 a kan al'ummar Hausa ta kwarin Maraɗi, shi ne rarrabe abubuwan da ake cakuɗawa. A wurinsa zama Anne al'amari ne na gado: dangi ne da ke bin jinin uba, kowane da sana'arsa, noma ko farauta ko ƙira ko su, kowane da iskokin da kakanninsa suka ƙulla alkawari da su, maigida ne ke yin yanka a madadin gida, a lokutan da aka sani na shekara. Buɗin daji da bikin dubu, wanda ke ba manomi sarautar sarkin noma, a cikin wannan tsari suke. Bori kuwa ƙofarsa dabam. Mutum ɗaya ne ke shigarsa, galibi ta hanyar ciwon da ya ƙi jin magani, a yi masa girka, ya zama doki ko ta zama goɗiyar wani iska. Mata sun fi yawa a cikinsa, ya fi ƙarfi a gari, kuma da yawa daga cikin masu yinsa suna salla suna azumi. Joseph Greenberg, a littafinsa na 1946 a kan Maguzawan Kano, shi ma ya bambanta yankan gida da hawan iska. Ke nan akwai Annen da bai taɓa hawan bori ba, akwai ƴar borin da ba ta da digon gadon Anna, akwai kuma alhajin da har yanzu ake kiran gidansu gidan Anna saboda su ne suka sari dajin.

A nan ne ƙidaya ke nuna iyakarta. Ƙidayar jama'ar Nijar ta 2012 ta ba da fiye da kashi 99 cikin 100 Musulmi, masu addinin gargajiya kuwa wajen mutum 2 cikin 1000. Wannan lissafi ba ƙarya ba ne. Matar da aka yi wa girka, wadda ke tashi sahur tana kai jikokinta makarantar allo, in aka tambaye ta addininta za ta ce Musulunci, kuma sunan da ta ba kanta ke nan da zuciya ɗaya. Ƙidayar Ingila ta rage yawan da ƙungiya ke faɗi, ƙidayar Nijar ta lulluɓe aikin da mutane ke yi. A duka biyun, lissafi ya amsa tambayar da aka yi masa ne kawai, wato sunan da mutum ya zaɓa. Bai ce komai ba a kan inda mutum ke zuwa in ɗansa ya kwana uku yana firgita.

Littattafai da jerin iskoki

Littattafan da suka fi shahara a kan bori kowane yana da garinsu. A. J. N. Tremearne ya rubuta The Ban of the Bori a 1914 daga bakin Hausawan Tunis da Tarabulus. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta rubuta nata a 1972 a kan borin Maraɗi. Fremont Besmer ya fitar da nasa a 1983 a kan Kano da Ningi. Nicole Echard ta fitar da nata a 1989 a kan Adar da Kurfai. Adeline Masquelier ta rubuta a 2001 a kan Dogon Dutsi, ta kuma ɗauko sunan littafin daga kukan ƴan bori cewa zuwan salla ya ɓata musu al'amura. Mai karatu ya lura: tsakanin Tunis da Ningi akwai hamada sukutum, tsakanin 1914 da 2001 akwai shekara 87.

A cikin waɗannan, tsarin Besmer ne ya fi shiga ran masu koyarwa, domin ya kawo birnin iskoki, Jangare, da gidaje 12, kowane gida da shugabansa da ƴaƴansa da barorinsa, Sarkin Aljan Sulemanu a bisa duka. Abu ne mai daɗin zanawa a allo, mai daɗin haddacewa, mai sauƙin tambaya a jarrabawa. Sai dai wannan tsari na makaɗa da ƴan borin da Besmer ya zauna da su ne, a garuruwansu, a zamaninsu. Wanda ya buɗe littattafan Maraɗi zai tarar Doguwa ta cika wuri fiye da yadda take a can. Wanda ya buɗe na Adar da Arewa zai tarar da dangogin iskokin da suka shigo daga ƙasar Zabarma. A wani wuri garaya da buta ke kiran iska, a wani goge da ƙwarya. Sunaye irin su Malam Alhaji da Ɗan Galadima da Sarkin Rafi da Kuturu suna yawo ƙasa ƙasa, amma dangantakarsu da juna da abin da kowane ke so a yanka masa suna iya sauyawa daga gari zuwa gari.

Bayan bambancin wuri akwai na zamani, domin jerin bai taɓa rufuwa ba. A 1925 wata mata mai suna Shibo, a ƙasar Kurfai, ta fito da sababbin iskoki masu kwaikwayon sojan Faransa, waɗanda Hausawa ke kira Babule, Zabarmawa kuma Hauka. Kumandan Croccichia ya kama mabiyanta ya tsare su a Yamai, ba a daɗe ba shi kansa ya zama iska a cikinsu da sunan Kumandan Mugu. Su ne Jean Rouch ya ɗauka a Ankara ta ƙasar Gana a fim ɗinsa Les Maîtres fous na 1955. Masquelier kuma ta ba da labarin Mariya, iska mai son zaƙi da turare da kayan kanti, wadda ba za ta yiwu ba kafin zuwan kanti. Al'adar da ke iya haɗiye kumandan ta mayar da shi ɗan gida, ta yaya za a ce ga iyakar jerinta?

Adalci ya sa a ce waɗannan marubuta sun faɗi inda suka yi aiki da lokacin da suka yi shi. Mafi yawan laifin na masu taƙaitawa ne, waɗanda ke cire sunan gari da shekara su bar “Hausawa sun yi imani da cewa”. Amma marubutan ma ba su kuɓuta sarai ba. Kalmomi irin su panthéon da système suna sa mai karatu ya zaci akwai wata majalisa da ta zauna ta tsara aƙida. Nicolas, a maƙalarsa ta 1966 a kan tsarin sarari a tunanin Hausawa, ya ɗinke kusurwoyi huɗu da lambobin 3 na namiji, 4 na mace, 7 na haɗuwarsu, ɗinki mai kyau ƙwarai, har mutum ya tambayi kansa ko akwai manomi guda da ke riƙe da zanen gaba ɗaya a kansa, ko kuwa mai nazari ne ya tattaro guntaye daga bakuna da yawa ya haɗa riga. A wannan fuska aikin Echard da na Masquelier sun fi kusa da ƙasa, domin sun bar saɓani da tarihi a fili. Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, Mayahi ta kwarin Gulbin Kaba, inda Gobirawa da Katsinawa da Barebari da Fulani da Buzaye ke cin kasuwa ɗaya, ba Kano ba ce, ba kuma Dogon Dutsi ba. Idan tsohuwa a Kanambakashe ko Urafan ko Korgom ta faɗi abin da ya saɓa wa littafi, littafin ne bai zo garinsu ba.

Bori a kan dandamali

Hanya ta biyu da daidaitaccen bori ke shigowa ita ce dandamali. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya da bukukuwan matasa na ƙasa sun ba kowane yanki damar nuna al'adunsa a gaban alƙalan gasa, kuma wannan ya raya waƙa da rawa da wasan kwaikwayo ƙwarai. Amma gasa tana da agogo da maki. Abin da ke ɗaukar dare sukutum sai a matse shi cikin ƴan mintuna, a zaɓi iskokin da ƴan kallo za su gane nan take: Malam Alhaji da farar riga da tasbaha yana tari, Ɗan Galadima da manyan riguna yana rabon kyauta, Kuturu da naɗaɗɗun yatsu, Sarkin Rafi yana tsalle yana faɗuwa. Ƙungiyar da ta ci gasa sai sauran su kwaikwaye ta, bayan ƴan shekaru sai kwaikwayon ya zama shi ne “asali”. Finafinan Hausa na Kano kuma suka ƙara nasu hoton, na boka mai jan ƙyalle da baƙi yana dariyar mugunta a kogo. Yaron da bai taɓa ganin komai ba sai waɗannan biyu yana da tabbacin ya san bori, alhali abin da ya sani shi ne tufafinsa.

Yarjejeniyar UNESCO ta 2003 a kan gadon al'adu wanda ba a taɓa shi da hannu, wadda Nijar ta amince da ita a 2007, ta buƙaci kowace ƙasa ta yi rajistar al'adunta, kuma ta wannan hanya wasan taubasai na Nijar ya shiga jerin duniya a 2014. Ƙungiyoyin al'adu su ne hannun da ke cika irin waɗannan takardu. Yana da kyau su san cewa yarjejeniyar da kanta ta siffanta gado a matsayin abin da al'umma ke sabuntawa kullum, ta ce a yi rajista tare da masu abin, a kuma riƙa sabunta ta. Ba ta nemi kowa ya tantance wane ne na ainihi ba.

Kada a ɗauka wannan gardamar masana ce kawai. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ta rikiɗe ta zama tarzoma a Maraɗi, aka auka wa mashaya da majami'u da gidajen mata masu zaman kansu, kuma kamar yadda Barbara Cooper ta rubuta, gidan Iya ma bai tsira ba. Abubuwa ne mabambanta, amma an riga an ɗaure su da suna ɗaya a zukatan matasa kafin ranar. Suna yana riga wuta isa gida.

Hujjar masu son a daidaita

Masu neman a daidaita suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa malami ba zai koyar da “ya danganta” ba, dole a ba yaro abin riƙewa. Suna cewa in babu ma'auni, kowane ɗan damfara zai rataya laya ya ce shi sarkin bori ne ya cuci marasa lafiya. Suna kuma kawo misalin rubutun Hausa: taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, da dokar rubutu ta Nijar ta 1999, su ne suka sa littafin da aka buga a Zariya ke karantuwa a Tasawa, kuma tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, buƙatar daidaitawa sai ƙaruwa.

Misalin harshe yana da kyau, amma in aka bi shi har ƙarshe yana goyon bayanmu ne. An daidaita yadda ake rubuta harafi, ba a soke karin harshe ba. Bagobirin da ya ce “shina tahiya” bai yi kuskure ba don Bakano ya ce “yana tafiya”, kuma malamin kirki yana koya wa yaro rubutun bai ɗaya ba tare da ya raina bakin uwarsa ba. Abin da za a daidaita a nazarin al'ada shi ne hanyar tambaya da hanyar adanawa. Amsoshin kuwa a bar su su bambanta.

Game da ƴan damfara, ƴan bori ba su rasa nasu ma'auni ba. Ana sanin wanda ya yi wa mutum girka, makaɗa sun san kiɗan kowane iska, manya suna gane hawan ƙarya, sarkin bori da Iya suna da ikon tsawatawa. Ma'auni ne na gari, na ido da ido, ba ya wuce inda aka san mutum. Inda aka cuci wani a dukiya ko a lafiya kuwa, dokar ƙasa ta isa. A nan ma shari'ar Paris ta 2009 tana da abin koyi: kotun ba ta yanke hukunci a kan ko aƙidar Sayantoloji gaskiya ce ba, ta duba kuɗin da aka karɓa da yadda aka karɓe su. Ana iya hukunta zamba ba tare da hukuma ta zama mai raba takardar shaidar iskoki ba.

Kammalawa

Abin da ya rataya a wuyan malamai da ƙungiyoyi bai fi ƙarfinsu ba. Na farko, a raba abu uku a cikin darasi da rahoto: gadon Anna, da bori, da wasan da ake yi a dandamali, a kuma faɗa wa ƴan kallo cewa na ukun kwaikwayo ne. Na biyu, duk abin da aka ɗauka daga bakin wani a rubuta ƙauyen, da shekarar, da matsayin mai maganar, makaɗi ne ko goɗiya ko maigida ko liman, bayan an nemi yardarsa, a kuma kiyaye abin da ya ce sirri ne. Na uku, a tambayi mutum sunan da yake kiran kansa, a rubuta shi yadda ya faɗa, kada a mayar da Anne arne, kada a cire Musulmi daga Musulunci da alƙalami. Na huɗu, in bakin Maijirgi ya saɓa wa na Sarkin Hausa, a ajiye su biyun gefe da gefe, domin saɓanin shi kansa ilimi ne: yana nuna hanyar da mutane suka biyo da waɗanda suka zauna da su. Na biyar, a kai kwafi inda zai tsira daga gara da ruwan sama, kamar cibiyar IRSH da ta CELHTO a Yamai, ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi.

Tsofaffin da suka ga buɗin daji da idonsu suna ƙarewa, kuma wayar hannu da ke aljihun kowane malami ta isa ɗaukar muryarsu. Wanda zai je wurinsu ya bar jerin Jangare a gida, ya je da tambaya. In ya dawo da amsa goma mabambanta daga ƙauye goma, aikinsa ya yi kyau, kuma jikokin waɗannan tsofaffi za su samu abin da za su karanta su gane gidansu a ciki.